Abin da Baba Ya Naɗe a Takardar Siminti

3 ga Maris

Gwaggo,

Ki gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto miki alhali ba ki san ni ba. Sau huɗu ina fara wasiƙar nan ina yagewa. Ina gaishe ki da girmamawa, ina fatan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Mu ma lafiya, sai dai Mama da ciwon kai yake yawan damu, Auta kuma ta yi mura ta warke.

Ni ce babbar 'yar ɗan'uwanki mai aiki a ramin fasa dutse, wanda kakanku ɗaya da shi. Ina aji biyar a sakandare. Na san labarin rasuwarsa ya iso miki, wata biyar ke nan. Ciwon huhu ne, likita ya ce ƙurar dutse ce ta shekara ashirin. Adireshinki a bayan wani tsohon ambulan na samu, cikin akwatinsa.

Ga abin da ya sa na dame ki. A ƙarƙashin gadon Baba akwai ƙulli arba'in da ɗaya. Kowanne dutse ne naɗe a takardar buhun siminti, an ɗaure da igiya, an yi zane-zane da gawayi a jiki. Shekara tara yana kwaso su daga wurin aiki a cikin kwanon abincinsa. Yana cewa ƙasusuwa ne na wata dabba da ta rayu tun da daɗewa har ta zama dutse, kuma babu wanda ya taɓa ganin irinta. Abokan aikinsa suka sa masa suna Furofesa. In ya wuce sai su ce, "Furofesa, yau ba a tono kakan ƙadangare ba?" Shi kuma ya ce, "An tono, ya ce a gaishe da jikokinsa." A can yana dariya, amma in ya dawo gida ba ya yin ta.

Gidan da muke ciki na kamfani ne, an ce mu tashi ƙarshen Afrilu. Ɗaki ɗaya za mu koma a gidan kawuna. Mama ta ce ba za ta ɗauki ko tsakuwa ba. Ta ce, "Dutse ya cinye min miji, sannan in goya shi zuwa sabon gida? A mayar musu da abinsu rami."

Na buɗe ƙulli ɗaya a ɓoye. Gwaggo, muƙamuƙi ne, ya fi tafin hannuna tsawo, da haƙora shida a jere, baƙaƙe. A littafinmu na kimiyya shafi ɗaya ne tak a kan dainoso, kuma hoton da ke ciki bai yi kama da wannan ba. Baba ya taɓa ce min aikinki ke nan a gidan tarihi, fitar da irin waɗannan ƙasusuwa daga cikin dutse.

Abu ɗaya nake son sani: Baba ne da gaskiya, ko su? In shi ne, ina so a rubuta a wani wuri cewa shi ya fara gani.

Ba mu da akwatin gidan waya, na makaranta nake aro. In kin ga dama ki amsa ta can.

'Yar ɗan'uwanki

14 ga Maris

'Yata,

Wasiƙarki ta iso. Ina lafiya, in ban da kunnuwa. Allah ya jiƙan mahaifinki. Ban zo ta'aziyya ba, kuma ba ni da hujja.

Kusan duk wata sai wani ya kawo mana dutse a jaka. Cikin goma, tara ƙashin saniya ne ko saiwar itace, na goman kuma dutse ne kawai da ya yi kama da abin da mai shi yake son gani. Ban ce na mahaifinki haka ne ba. Ban gani ba.

Ki zana min muƙamuƙin daidai girmansa, da rula a gefe. Ki zana haƙori ɗaya daban, ta gaba da ta gefe. Kada ki ƙawata.

Kada ki wahalar da kanki wajen neman lambar wayata. Shekara ashirin da biyu ina riƙe da injin sassaƙa, ya tafi da kunnuwana.

Rubutunki yana da kyau.

Gwaggonki

25 ga Maris

Gwaggo,

Ina gaishe ki, ina miki jaje a kan kunnuwa, Allah ya kawo sauƙi. Muna lafiya. Na gode da kika amsa, na san ayyuka sun yi miki yawa.

Ga zanen. Sau uku na auna kowane haƙori. Za ki ga na yi wasu ƙananan layuka a gefen haƙorin, ba ƙawa ba ce, haka yake, kamar bakin zarto, amma a gefe ɗaya kawai. Ɗaya gefen kuma yana da rami siriri daga sama har ƙasa.

Na karanta wa Mama wasiƙarki. Da na zo kan ƙashin saniya sai ta ce, "To kin ji. Su manyan mutane ba sa cewa a'a, sai su ce ba su gani ba." Na ninke wasiƙar na ajiye. Amma na yi ta maimaita layin nan, na kuma fahimci abin da kike gudu. Kina aiki da masu ilimi, ba za ki so a ce danginki sun turo miki shara ba.

Kuma gaskiya, Gwaggo, da na duba su da idon baƙo, kunya ta kama ni. Jar laka ta rufe su, wasu ma ba a ganin ƙashin sai ɗan gefe. Takardun sun yi ƙura, kyankyasai sun yi gida a ciki. Baba ba shi da lokaci ne, yana dawowa a gajiye yana tari. Jibi za mu yi hutu na wata guda. Zan wanke su tsaf, in canza musu mazubi, yadda in kin buɗe a gaban abokan aikinki ba za ki sunkuyar da kai ba.

Akwai direban babbar motar kamfani, Dogo muke ce masa, yana kai tsakuwa garinku sau biyu a wata. Yana cikin masu tsokanar Baba, amma shi ya kai shi asibiti a bayansa ranar da numfashi ya ƙi. Ya ce zai kawo miki. Ya ce, "Kayan Furofesa ai a gaban mota za su zauna, ba a baya ba."

'Yar ɗan'uwanki

2 ga Afrilu

'Yata,

Lafiyata lau. Ki karanta wannan da kyau.

Kada ki wanke. Kada ruwa ya taɓa ko ɗaya. Kada ki kwance igiya, kada ki raba dutse da takardarsa. Wanda kika buɗe ki mayar da shi cikin takardarsa. Lakar nan da kike jin kunya ita take riƙe da ƙashin, ita ce kuma take faɗa mana zamanin da dabbar ta rayu. Takardar nan ta fi dutsen daraja. Ƙashin da ba a san inda aka ciro shi ba kamar wasiƙa ce da aka yage adireshinta.

Zanenki yana kan teburina. Na nuna wa shugaban sashenmu, mutumin da ba ya cire tabarau sai zai yi salla. Ya cire, ya goge, ya mayar. Muka fito da littattafai muna dubawa har aka tashi daga aiki. Haƙori mai zarto a gefe ɗaya da rami a ɗaya gefen, ba mu same shi ba. Ban ce sabuwar dabba ce ba, zane ba ya isa a faɗi haka. Amma ba saniya ba ce.

Akwai abin da ya kamata ki sani. Shekara tara da suka wuce mahaifinki ya turo min ɗan dutse ɗaya da doguwar wasiƙa da wani ya rubuta masa. Ina cikin aiki, na ba shi amsa a layi biyu. Na ce dutse ba shi da amfani in ba a rubuta inda aka same shi da ranar ba. Bai sake rubuto min ba, na ɗauka fushi ya yi. Sai da na ga kin ce zane-zanen gawayi na gane. Ashe ji ya yi. Shekara tara yana bin layi biyun nan.

Ki bar su yadda ya bar su, da ƙurarsu da kyankyasansu. Ki ba Dogo a haka.

Gwaggonki

12 ga Afrilu

Gwaggo,

Ina gaishe ki, ina fatan kina lafiya. Ban ji daga gare ki ba, amma makaranta a rufe take, mai ɗauko wasiƙu ma ya tafi hutu. Muna lafiya, sai hidimar haɗa kaya.

Na gama aikin! Kwana uku na yi a bakin famfon bayan gida, lokacin da Mama ta tafi gidan kawu share ɗakin da za mu koma. Na jiƙa su a baho da garin sabulu, na dirje da soson ƙarfe, lungu-lungun kuma da tsohon burushin haƙori. Auta tana miƙo min ruwa tana cewa muna yi wa dodo wanka. Da lakar ta fita, ba ki ga kyau ba. Akwai masu kama da ƙaramin turmi, ina jin gaɓoɓin ƙashin baya ne. Akwai dogo guda mai lanƙwasa.

Na shanya su a kan kwanon rufi da rana. Sai dai wasu sun tsage da suka bushe, ina jin ƙararsu, ƙas, ƙas. Guda huɗu ƙanana sun narke tun a cikin baho, na ga laka ce kawai dama. Muƙamuƙin ya rabu uku amma na haɗa shi da gam mai ƙarfi, da ƙyar za ki ga wurin.

Na jera su daga ƙarami zuwa babba, na sa wa kowanne lamba da jan fenti, na naɗe su a farin ƙyalle cikin sababbin kwali biyu. Tsofaffin takardun na haɗa da sharar tashi na ƙone. Rubutun Baba ne a jiki, na sani, amma ba kalmomi ba ne sosai, yawanci hoton tsani ne da rana. Kin san aji uku ya yi a firamare. Ban so wani a wurinku ya gani ya yi dariya. An yi masa dariya ta isa.

Da Mama ta dawo ta ga tokar, ta tsaya a kanta ta daɗe. Na ce, "Mama, ai ke kika ce shara ce." Ta dube ni, ta shige ɗaki.

Abu ɗaya ya ɗaure min kai. Arba'in na samu, ba arba'in da ɗaya ba. Wataƙila na yi kuskuren ƙirga ne da farko.

Dogo zai taso ranar Litinin.

'Yar ɗan'uwanki

29 ga Afrilu

Gwaggo,

Ina gaishe ki. Yau muka koma makaranta. Wasiƙarki ta ranar biyu ga wata tana cikin tiren ofis, ƙarƙashin takardun malamai, kwana ashirin da wani abu.

A tsaye na karanta ta a baranda. Ban shiga darasi na biyu ba.

Da hannuna na yi. Na tsaya ina juya takardun da sanda don su ci wuta da kyau.

Jiya muka tare a gidan kawu. Ban faɗa wa Mama ba tukuna.

In ba za ki sake amsa min ba, na fahimta.

'Yar ɗan'uwanki

26 ga Mayu

'Yata,

Ina lafiya. Na daɗe ban rubuto ba don abin da zan rubuta a makon farko bai dace a faɗa wa marainiya ba.

Dogo ya kawo kwalayen har bakin teburina, ya cire hula. Na buɗe na ga farin ƙyalle da jan fenti, sai na ce masa ya je ya sha ruwa. Ba na so ya ga fuskata.

Zan faɗa miki gaskiya, don na ga ke ba mai son a ɓoye miki ba ce. Soson ƙarfe ya share fatar ƙashin, inda alamun jijiya suke. Haƙora shida, zarton biyu ne kawai ya tsira. Gam ɗinki ya shiga cikin muƙamuƙin, kwana goma sha ɗaya ina cire shi da allura a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Huɗun da suka narke ba laka ba ce kawai. Mafi muni kuma, ƙasusuwan nan ba na dabba ɗaya ba ne. Biyu ne aƙalla, wataƙila uku, daga hawa daban-daban na dutsen. Mahaifinki ya san wanne ya fito daga ina. Yanzu suna jere daga ƙarami zuwa babba.

Shugaban sashenmu ya duba haƙoran biyu ya ce, "Wannan baƙo ne." Sannan ya ce, "Daga ina?" Na ce ban sani ba. Ya rufe kwalin. Ba a raɗa wa dabba suna sai an nuna inda ta kwanta.

Na yi fushi da ke kwana da yawa. Daga baya na ɗauko kwafin wasiƙata ta farko. Na sami wurin yi miki maganar saniya, ban sami wurin kalma uku ba: kada ki taɓa. Shekara ashirin da biyu ina wannan aiki. Ke kin yi abin da aka koya miki, cewa ba a kai wa babba abu da datti. Laifin mu biyu ne, nawa ya fi girma.

Saura hanya ɗaya, siririya. Ki nemo na arba'in da ɗaya. Yarinyar da ta auna haƙori sau uku ba ta kuskuren ƙirga. In yana nan da takardarsa, kuma akwai mai iya karanta tsanin nan, ki je ramin ki ga ko bangon dutsen da ya ciro shi yana tsaye. In yana nan, zan roƙi a turo mutane su haƙa, ko da ni kaɗai ce da cokali.

Gwaggonki

9 ga Yuni

Gwaggo,

Ina gaishe ki, na gode da ba ki yanke ni ba. Muna lafiya. Ɗakin yana da zafi, mu uku da kayanmu, amma kawu yana ƙoƙari.

Na karanta wa Mama wasiƙunki biyu, ban tsallake komai ba. Tana ninke kayan Auta, ba ta ɗago ba. Da na gama ta ce, "Rufe ƙofa." Ta jawo akwatinta, ta ɗaga zannuwa. Ƙulli na arba'in da ɗaya yana can ƙasa, da igiyarsa.

Na ce, "Mama, ke da kika ce ko tsakuwa?"

Ta ce, "Na ce. Sai me?"

Na miƙa hannu, ta janye shi. Ta ce, "Hannunki ya isa haka." Ba da faɗa ta faɗa ba. Da ta yi faɗan ma da ya fi min sauƙi.

Gwaggo, Mama ba ta taɓa shiga aji ba, amma ta karanta takardar nan kamar yadda nake karanta littafi. Ta ce tsanin tsayi ne, kowane mataki tsayin Baba guda, ana ƙirgawa daga tsohon injin zuƙar ruwa da ke ƙasan ramin. Rana a hagu bangon da hantsi yake bugawa ne, a dama na yamma. Ɗigo-ɗigon taku ne daga injin. Kwanan wata kuma ba ya sa lamba, abin da ya faru a gida yake sawa. Na ce a ina ta koya. Ta ce, "Shekara tara mutum yana zaune a bakin gado yana min bayani ina ce masa ya tashi ya wanke hannu. Kunne ai ba ya rufuwa don baki yana faɗa."

Wannan mataki bakwai ne, rana a hagu, taku talatin. A ƙasa ya rubuta sunan Mama, harafi ɗaya a juye. Ta ce ranar ta yi masa faɗa sosai a kan laka a zanin gado, sai ya kwance ya nuna mata haƙorin ya ce, "Dabbar nan da sunanki za a kira ta. Dubi bakinta, ba ta bar kowa ba." Ta ce ta jefe shi da murfin tukunya. Tana faɗa min tana dariya, sai dariyar ta koma wani abu.

Ranar Asabar Dogo ya shigar da mu ramin, ni da Mama. Mai gadi ya ce, "Iyalan Furofesa ne? Ku wuce." Tsohon injin yana nan, ya yi tsatsa. Mama ta juya wajen bangon hantsi ta fara taku tana ƙirgawa. A na goma sha takwas ta tsaya, don babu bango. Fili ne, da tarin tsakuwa da sawun manyan motoci.

Dogo ya ce an sa wa gefen nan nakiya makon farko na Mayu. Ya ce shi da kansa ya kwashi lodi goma sha huɗu zuwa aikin sabuwar hanya. Ya ce, "Wallahi da na sani." Mama ta ce, "Da ka sani me? Kai ma ai ka yi dariya." Ya sunkuya yana juya tsakuwa da ƙafa, kamar zai ga haƙori.

Na lissafa, Gwaggo. Ranar da nake bakin famfo da soso, bangon yana tsaye.

Mama ta ce a kai miki wannan, dutse da takarda, yadda ya ɗaure. Ita ta miƙa wa Dogo da hannunta. Ba mu da wani abu mai rubutun Baba a gidan nan sai shi.

'Yar ɗan'uwanki

5 ga Yuli

'Yata,

Ina gaishe ki, ki gaishe da mahaifiyarki da kyau. Ina lafiya, sai dai hannuna na dama ya fara rawa. An ce ƙarshen shekara zan ajiye aiki.

Na kwance igiyar ba tare da na yanke ta ba. Ƙullin da ya yi irin na masu ɗaure kaya a mota ne. A ciki akwai guntun muƙamuƙi na sama, da haƙori ɗaya da bai gama fitowa ba, cikin lakarsa, lafiyayye. Zarto a gefe ɗaya, rami a ɗaya gefen. Ɗan'uwan wanda kika wanke ne.

Amsar tambayarki ta farko ke nan: mahaifinki ne da gaskiya. Mu uku muka duba, babu wanda ya san dabbar nan.

Amma ba za a raɗa mata suna ba. Haƙori ɗaya lafiyayye, da muƙamuƙi da aka dirje, da bangon da ya zama hanya, ba su isa ba. Na yi gardama har shugaban ya rubuta min a takarda, wai in daina ɗaga murya. Ban san ina ɗagawa ba. Wata rana wani zai tono cikakkiyarta a wani wuri, ya sa mata sunan malaminsa ko na matarsa. Wataƙila a lokacin wani ya jawo durowa ta sittin da biyu a ɗakin ajiyarmu ya ga an riga shi. Wataƙila kuma ba mai jawowa.

Na rubuta katin da hannuna kafin rawar ta yi yawa. Wanda ya gano: cikakken sunan mahaifinki, ma'aikacin fasa dutse. Wuri: mataki bakwai, bangon hantsi, taku talatin daga tsohon inji. Wanda ya fassara alamun: sunan mahaifiyarki. Sauran kuma katinsu ya ce, wuri: ba a sani ba. Sau talatin da shida na rubuta wannan.

Ƙa'idarmu ita ce takardar asali ta zauna da dutsenta. Na ɗauki hotonta na sa a durowa, ita kuma ga ta nan cikin ambulan. Na raba dutse da takardarsa, abin da na hana ki. Ki ba mahaifiyarki.

Gwaggonki

16 ga Yuli

Gwaggo,

Ina gaishe ki, ina miki sannu da hannu. Allah ya ba ki lafiya. Mu ma muna nan.

Na ba Mama takardar. Ta shafe ta a kan gwiwarta, ta sa na karanta mata abin da ke kan katin sau biyu. Ta ce, "Durowa ta nawa?" Na ce sittin da biyu. Ta ce, "A rufe take?" Na ce ina jin haka. Ta ce, "To daga ƙarƙashin gado ya koma durowa." Sannan ta mayar da takardar ƙarƙashin zannuwa.

Na faɗa wa Dogo cewa Baba ne da gaskiya. Ya ce zai faɗa a wurin aiki lokacin cin abinci. Da ya dawo na tambaye shi, ya ce yawancinsu sababbi ne, ba su san wanda ake nufi ba.

Har yanzu ba na iya wucewa ta sabuwar hanyar nan. In motar makaranta ta hau ta, ƙasa nake kallo.

Shekaranjiya Mama tana tsefe wa Auta kai, ba tare da ta dube ni ba ta ce, "Mai kama da turmi, babban, mataki huɗu ne, bangon yamma. Ranar da Auta ta fara tafiya." Na juyo na dube ta. Ta ce, "Ke ba 'yar makaranta ba ce? Ɗauko biro." Zuwa yanzu ta tuna alamun goma sha ɗaya cikin takardun da na ƙone. Wasu tana da tabbas, wasu tana cewa ina jin. A na goma sha biyu ta tsaya, ta ce ta tuna ranar amma ta manta matakan, don ranar ba ta saurare shi ba.

Na san tunawa ba takarda ba ce, na san shugabanku zai ce bai isa ba, kuma ba zai dawo da bangon ba. Amma na ajiye lambobin jan fentin a littafina, da zanen kowanne. In kin ga ba ɓata miki lokaci ba ne, wataƙila kati goma sha ɗaya su daina cewa ba a sani ba, ko da da fensir ne, kafin ƙarshen shekara.

Ba zan taɓa komai ba, ba zan gyara ko kalma ɗaya daga abin da ta faɗa ba. Gwaggo, kin yarda in sake rubuto miki?

'Yar ɗan'uwanki